Hanyar Da Ke Kai Mata Ga Shugabancin Bankuna Da Aikin Lauya

A shekarar 2012 ne Babban Bankin Nijeriya, a ƙarƙashin Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi, tare da kwamitin shugabannin bankuna, suka amince da a ware wa mata kashi 40 cikin ɗari na manyan muƙaman gudanarwa da kuma kashi 30 na kujerun daraktoci. A cikin wannan shekara ce kuma Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ta zama mace ta farko da ta hau kujerar Babban Jojin Nijeriya.

Babu shakka an samu ci gaba tun daga wancan lokaci. A 2021 Nneka Onyeali-Ikpe ta karɓi ragamar bankin Fidelity, Miriam Olusanya ta karɓi ta GTBank, sannan a 2024 Adaora Umeoji ta zama shugabar bankin Zenith. Sai dai kuskure ne matasan ma'aikata su ɗauka cewa ware kujeru kaɗai ne ya kai waɗannan mata inda suka kai.

Abin lura shi ne sashen da mace ta yi aiki a cikinsa. Olusanya ta shiga GTBank a 1998, ta kuma daɗe tana kula da baitulmalin bankin, inda ake hada-hadar kuɗaɗen waje da takardun lamunin gwamnati. A ɗaya ɓangaren kuwa, mata da yawa sukan shafe shekaru ana tura su farautar masu ajiya, ana ɗora musu adadin kuɗin da za su kawo a kowane wata. Wannan aiki yana kawo wa banki kuɗi, amma ba ya koya wa ma'aikaciya auna haɗarin rance ko karanta lissafin kamfani, alhali kuwa waɗannan ne hukumar daraktoci take dubawa idan ta tashi naɗa shugaba.

Saboda haka ya kamata duk wadda ta yi shekara uku ko huɗu a kan kanta ko a neman masu ajiya ta nemi canji a rubuce zuwa sashen bayar da rance, ko baitulmali, ko binciken kuɗi, ta kuma zauna jarrabawar ICAN ko ta CIBN. Lamarin na gaggawa ne. Lokacin da aka ɗaga jarin bankuna zuwa Naira miliyan dubu 25, yawansu ya sauko daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005, ma'aikata masu yawa suka rasa aiki. A 2024 an sake ɗaga jarin zuwa Naira miliyan dubu 500 ga bankunan da ke da rassa a ƙasashen waje. Duk lokacin da bankuna suka haɗe, mai ƙwarewar da ke da wuyar samu ce ake riƙewa.

Haka abin yake ga lauyoyi. Ƙararrakin aure da na gado suna da muhimmanci, amma manyan kuɗaɗe suna wajen tsara yarjejeniyar rance, da haɗewar kamfanoni, da haraji. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk na Naira miliyan dubu 100 a 2017, an samu sabon fage ga lauyar da ta haɗa ilimin dokar kamfanoni da fiƙihun ciniki.

'Yan kasuwa ma suna da rawar takawa. Lauya ba ta ƙwarewa sai an ba ta aiki mai nauyi. Attajirin da zai karɓi rancen gina masana'anta, ko zai yi rajistar kamfani, ya dace ya gwada miƙa takardunsa ga lauya mace da ta cancanta. Iyaye da mazaje kuma su tuna cewa Mai Shari'a Aloma ta fara aikin lauya a Nijeriya a 1967, shekara 45 kafin ta kai ƙololuwa, don haka wadda aka cire daga aiki a shekararta ta biyar ba za ta kai ko'ina ba.