Gilashin da Babu Irinsa a Magazin

Wata bakwai ke nan motar jama'armu tana yawo da leda a taga ta uku ta hannun dama. Duk wanda ya raka gawa tare da mu zuwa maƙabartar Tafo a wannan damina ya san abin da muke nufi. Iska ta bugi ledar ta yi ta kaɗawa kamar ganga, ruwa ya biyo gefe ya jiƙa kujeru biyu, dattawa su takure wuri guda suna tattare bakin riguna. Mu da muke riƙe da littafin shiga da fita a zauren Maigida mun rubuta zancen wannan taga a zama shida, kowane zama kuwa da "a ci gaba da nema" yake ƙarewa. Tun da magana ta bar zaure ta koma teburin mai shayi, mun ga ya kamata mu faɗi namu ra'ayin a fili. Mun kuma san ba mu kaɗai ba ne: daga Kumasi zuwa Ankara, har zangunan Kamaru, akwai irin waɗannan motoci na kyauta da ƙaramin abu ya durƙusar.

Bari mu fara da asalin motar, domin a nan ƙullin yake. 'Ya'yanmu mazauna Hambug ta ƙasar Jamus su ne suka yi karo-karo suka saye ta, suka ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa Tema. Allah ya saka musu da alheri, ya tsare su a inda suke. A farkonta motar 'yan yawon buɗe ido ce. Daga baya wani Bature ya saye ta ya mayar da ita ɗaki mai tafiya, da gado da madafa, ya toshe wasu tagogi ya sauya wasu. Da ta iso hannunmu muka fitar da gadon, muka jera kujeru a gaba, muka ware baya domin makara. Injinta da ƙashin bayanta na wani sanannen kamfani ne, shi ya sa in birki ya ci ko matatar mai ta toshe, kafin azahar an samo. Gangar jikin kuwa wani ƙaramin kamfani ne ya ƙera ta a kan ƙashin bayan, irin kamfanonin nan na Turai da ke gina jiki a kan injin wasu, kuma ya daɗe da rufe ƙofa. A ranar da muka karɓi makulli babu wanda ya san wannan bambanci a cikinmu. Sunan da ke goshin mota muka karanta, muka ɗauka shi ne sunan komai nata.

Muna dawowa daga ta'aziyya a Tamale, bayan mun wuce Kintampo, tayar wata tifa ta harbo tsakuwa. Aka ji ƙara kamar ta bindiga, gilashin ya zube a cinyar mutane ƙanana-ƙanana kamar tsakin masara. Aka kakkaɓe riguna, aka duba, babu wanda ya zubar da jini. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Nema kam an yi. An fara da Suame Magazin, inda ake cewa in ka kawo hoton ƙarfe za a ƙera maka shi. An aika Abossey Okai a Ankara. An buga waya Lome da Kwatano, an sa wani ɗan'uwa ya zaga Ladipo a Legas. Ko'ina tambaya ɗaya ce: wace mota? In ka ce 207 ko Sprinter ko Hiace, sai mai shago ya ce na wane gefe kake so. In ka faɗi tamu, sai ya girgiza kai ya ce ka gwada maƙwabcinsa. Har wani kuskure muka yi wanda yanzu yake ba mu dariya. A kusurwar kowane gilashi akwai ɗan rubutu, da harafin E da lamba a cikin da'ira, da 43R a gefensa. Muka kwafe shi da kyau muna rarrabawa, a zatonmu lambar kayan ce. Ashe shaidar gwaji ce kawai. E1 na nufin a Jamus aka amince da ingancinsa, E2 Faransa, E6 Beljiyam, 43R kuma ita ce ƙa'idar gilashin mota da aka gwada shi a kanta. Motocin Amurka DOT da AS1 ko AS2 suke ɗauke da su. Rubutun yana gaya maka irin gilashin da wanda ya yi shi, amma ba ya gaya wa kowa tsawonsa ko lanƙwasarsa.

Wani tsohon mai yankan gilashi a Magazin ne ya zaunar da mu ya yi mana karatun da ya kamata mu fara da shi. Gilashin gefen mota gasasshe ne. Ana yanka shi a kan siffarsa tukuna, a lanƙwasa shi, a gasa shi da zafin da ya haura digiri 600, sannan a huce shi farat ɗaya da iska. Wannan ne ke ba shi ƙarfi, kuma shi ne ke sa in ya fashe ya zama tsaki marar kaifi. Amma da zarar an gasa shi, yanka ya ƙare: ka ɗora masa abin yanka, gaba ɗaya zai wargaje. Saboda haka shawarar da mutane suka yi ta ba mu, wai a sayo babban gilashin wata mota a rage shi, ba ta da hanya. Gilashin gaba kuma wani iri ne, falle biyu da siririyar roba a tsakani, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Edouard Benedictus ya yi wa rajista a 1909. In ya fashe yana tsagewa ne kamar saƙar gizo-gizo, robar ta riƙe shi. Shi wannan, in shimfiɗaɗɗe ne, gwani yana iya yanka shi: ya zana sama, ya zana ƙasa, ya ɗumama robar ya raba ta da reza. Tagarmu kuwa gasasshiya ce kuma mai lanƙwasa, wato ta haɗa wahala biyu.

Daga nan zaure ya rabu. Wasu suka ce a daina wahalar da kai, a kira mai sa gilashin gida ya auna ya yanka, a danna shi da roba, kuɗin bai kai na buhun shinkafa ba. Wannan ita ce shawarar da muka fi tsoro, kuma ita ce ta fi samun magoya baya, domin ita ke kawar da kunyar leda cikin yini guda. Ku tuna ranar Kintampo. Abin da ya hana jini zuba shi ne irin gilashin. Na gida in ya fashe wuƙaƙe yake zama, dogaye masu tsini, kuma a daidai wuyan wanda ke zaune yake. Wannan mota tana ɗaukar tsofaffi zuwa jana'iza, tana ɗaukar yaran makaranta zuwa musabaƙa da saukar karatu. Wanda ya sa mata gilashin gida yana sane, ranar da abin ya faru ba zai ce ƙaddara ce kawai ya wanke hannu ba. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, a nan kuwa har rai tana iya ci. Mun faɗa a zaure, muna maimaitawa a nan: gara leda shekara guda da gilashin gida kwana guda.

Wasu kuma, kuma cikinsu akwai manyan da muke jin nauyi, suka ce sai dai na asali. Hujjarsu ta mutunci ce. Yara sun yi gumi a ƙasar sanyi sun aiko da abu mai kyau, in sun zo hutu suka tarar an yi masa faci, me za su ɗauke mu? Ba mu raina wannan magana ba. Amma mun bi hanyar har ƙarshenta. Akwai masana'antu a Turai da ke yin gilashi guda ɗaya a kan oda, sai dai mai lanƙwasa yana buƙatar a yi masa mazubi nasa na kansa, kuma kai mai oda kai za ka biya kuɗin mazubin. Ka ƙara akwatin katako, da jirgi, da kwastan, da addu'ar kada ya fashe tsakanin Tema da Kumasi. An taɓa yi mana albishir da wata matacciyar mota irin tamu a Ingila, muka yi murna kwana biyu, sai hoto ya zo muka ga ƙofarta a ɗaya gefen take, domin su ta hagu suke tuƙi, mu kuwa tun 1974 Gana ta koma dama. Jerin tagogin bai zo daidai ba. To ko da an samu, an biya, an sa, wa ya yi mana alkawari da tsakuwar gaba? Tagogi goma sha ne a jikin motar nan, kowace da awonta.

Abin da muke gani shi ne a daina neman gilashin da zai dace da mota, a gyara motar ta dace da gilashin da ke ƙasar. A kai ta wurin masu ƙera jikin mota, su cike lanƙwasar da ƙarfe su daidaita bakin tagar ya zama shimfiɗaɗɗe, a zana awonsa a kwali, a yanko gilashi mai roba a tsakani a zaunar da shi. Ko kuma, wanda ya fi mana, a rage bakin ya karɓi tagar ja-ka-buɗe irin ta motocin haya, wadda in ta fashe gobe yaro ma zai iya sayo ta. Wannan aiki ba baƙo ba ne a garin nan. Yawancin trotro da muke shiga kullum a matsayin motocin kaya suka sauka a Tema, ba taga ba kujera, a nan aka fafe su. Kuma Kumasi ce garin da kamfanin Neoplan ya kafa masana'antar haɗa manyan motoci tun 1974, hannuwan da suka koyi aiki a can da almajiransu ba su ƙare ba. Akwai ma riba a ciki wadda ba a faɗi: tagogin Turawan nan a liƙe suke ba sa buɗuwa, an yi su ne domin na'urar sanyi, ita kuwa na'urar ta mutu tun shekararta ta biyu. Wanda ya zauna a ciki a watan Maris ya san tanda.

Za a ce zai yi muni. Gaskiya ne, taga ɗaya za ta bambanta da 'yan'uwanta, kuma mai ido zai gani. Za a ce darajar motar za ta faɗi in an tashi sayarwa, sai dai ba mu san wanda ke shirin sayar da motar gawa ba. Ƙorafi ɗaya ne muka ɗauka da nauyi, shi ma direbanmu ne ya kawo shi: gasasshen gilashi ƙofar tsira ne, shi ya sa ake rataye 'yar jar guduma kusa da shi, mai roba kuwa ba ya faɗuwa da bugu ɗaya. Don haka ba za a taɓa tagogin da aka yi wa alamar fita ba, kuma gudumar da yara suka cire dole a mayar da ita. Farar robar nan mai kama da gilashi ma an kawo zancenta. Mai ƙarfin cikinta ba ta fashewa, amma ƙurar hunturu da tsumman yaron mota za su kankare ta ta dushe, rana kuma ta mayar da ita ruwan ɗorawa.

A makarantar zaure an karantar da mu a babin hubusi cewa abin da aka tsayar domin jama'a, da gyaransa ake farawa kafin a raba amfaninsa, har malamanmu na Malikiyya suka ce ko mai bayarwa ya shardanta akasin haka ba a bin sharaɗin. Mun karanta, mun haddace, amma shekara huɗu motar nan tana aiki ba mu ware ko sidi ɗaya na gyara ba. Alƙalamin yana hannunmu, saboda haka laifin nan namu ne kafin na kowa. Da akwai asusu, da gardamar ba ta kai wata bakwai ba, domin rabin masu son gilashin gida ba ra'ayi ne ya kai su can ba, aljihu ne.

Ku kuma 'ya'yanmu na Turai da Amurka, muna da roƙo, kuma kada ku ji shi a matsayin rashin godiya. Kafin ku biya kuɗin mota, ku turo hotonta a nuna wa bakanike a gida, a tambaye shi ko ya taɓa kwance irinta. Motar da ta cika tasha ta fi mana wadda za a tsaya kallo. In kuwa zuciya ta riga ta kwanta da wata mai wuyar samu, to cikinta fanko yake tahowa a jirgi: ku nemi matacciyar 'yar'uwarta a can inda ake samunsu, ku ciro gilasai da fitilu da madubai, ku naɗe su da barguna ku shimfiɗa a ciki. Abin da zai ci muku yini biyu a can shi ne ya ci mana wata bakwai a nan.

Maigida ya saurari kowa, ya yanke cewa bayan Juma'a mai zuwa motar za ta shiga Magazin, kuma daga yanzu duk fita za a ajiye wani abu a asusun gyara, ko da na jana'izar marar galihu ne jama'a za su cike. Ya kuma umarce mu da mu sa a zana awon kowace taga a kwali tun tana da lafiya, a adana tare da takardun mota. Mun fara, mun gama na hannun dama. Da muka zo gaba ne direba ya nuna mana wata tsaga a ƙasan babban gilashin, wajen da abin share ruwa yake kwanciya, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba. Ya ce tun makon jiya ya ɗiga mata alama da biro a inda ta tsaya. Ranar Litinin da muka duba, ta wuce alamar.