Kafin ka biya kuɗin laftof, buɗe farin shafi

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan mastas, ina so mu yi magana kan laftof ɗin da fuskarta ke rinewa ta koma rawaya, ruwan hoda ko kore-kore. Wasu na cewa ai tunda tana kawo wuta shi ke nan. Ni dai ban yarda ba. Mai haɗa taswira ko jadawali mai launi, abin da yake gani a fuskar ba shi ne zai fito a takarda ko a majigi ranar kare bincikensa a UNIMAID ba.

Kar mu sa rai da kamfani. Yawancin waɗanda muke saya a Post Office na hannu ne, garantin shekara 1 da aka saba bayarwa ya ƙare tun kafin su shigo Najeriya. Sa lambar siriyal a shafin HP ko Dell ka gani da idonka. Wanda za ka iya riƙewa shi ne wanda ya karɓi kuɗinka.

Don haka tun a shago buɗe farin shafi, ka kashe Night light ɗin Windows, don shi ma yana sa rawaya. Ɗaga murfin ka sauke a hankali; in launin ya canza, galibi wayar sikirin ce. Jona ta da talabijin ta HDMI: in can ya fito daidai, matsalar daga sikirin take.

Sannan a rubuta maka kwanakin gwaji a rasit. Daga Gomari zuwa cikin gari kuɗin Keke Napep ne, kuma "dawo gobe" ba ya ƙarewa.