ZAUREN SHAWARA: Babur na Jingine a Gida, Sai an Biya Inshora?

Wani bawan Allah daga Titin Koudoukou ya aiko da tambaya cewa babur ɗinsa ya yi wata shida jingine a zaure, takardar inshora kuma ta ƙare. Shin doka za ta kama shi?

To malam, ƙasar nan tana bin dokar inshora ta CIMA, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a Yawunde cikin 1992, ta kuma fara aiki a 1995. Sashe na 200 ya wajabta inshora ne a kan wanda zai fita da abin hawa mai inji ya yi tafiya da shi. Saboda haka muddin babur bai bar gida ba, ba ka yi laifi ba.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. Ranar da ɗanka ko ƙanenka ya zari makulli, wai zai leƙa kasuwar Mamadou Mbaïki ya dawo, tun daga ƙofar gida doka ta hau kansa. Idan ya buge mutum, Allah Ya kiyaye, babu kamfanin da zai biya. Kuɗin asibiti da diyya duk a wuyanku.

Shawararmu ita ce ka tsiyaye mai, ka cire batir, ka adana makulli. Ranar da za ka tayar da shi kuwa, fara biyan inshora tukuna, domin sai kuɗi sun shiga take fara aiki. Rigakafi ya fi magani.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.