Rage illar ƙwaya: an yarda da manufar, saura a daidaita ta da ƙwayoyin da ake sha a yankinmu

A watan Maris na 2024, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da ke Biyena ta zartar da ƙudurin da a karon farko ya ambaci "rage illa" ƙarara. Manufar ita ce a kare ran mai shaye-shaye ko da bai daina ba: a ba mai yin allura sirinji mai tsabta don kada ya ɗauki ƙanjamau ko ciwon hanta, a ba shi maganin metadon a madadin hiroyin, a kuma tanadi naloksan, wanda ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta yi wa yawa. Shekaru da dama gwamnatoci suna kallon wannan a matsayin ɗaure wa ɓarna gindi.

Afirka ta Yamma ba ta jira Biyena ba. Senegal ta buɗe cibiyar CEPIAD a asibitin Fann na Dakar a ƙarshen 2014, shekarar da kwamitin Olusegun Obasanjo ya ba da shawarar a daina ɗaure masu shan ƙwaya. A 2020 Gana ta yi dokar da ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ƙwayar shansa zuwa tara, daga sidi 2,400 zuwa 6,000. Sai dai wanda ya kasa biya yana iya shafe har wata 15 a kurkuku, kuma matashin Nima ko zangon Kumasi da aka kama da ƙullin wiwi ba safai yake da wannan kuɗi ba. Sassaucin ya fi isa ga mai hali.

Akwai wani giɓin da ya fi wannan girma. An ƙera kayan aikin rage illa ne saboda masu allurar hiroyin a biranen Turai da Amurka, alhali abin da ke cin samarinmu daga Maraɗi zuwa Garwa da Njamena haɗiye shi ake yi: tiramadol mai miligiram 225, da kodin da Najeriya ta haramta maganin tarinsa a 2018. Sirinji ba zai amfani ɗan kabu-kabu ko lebura mai shan tiramol don jure aiki ba. Abin da zai amfane shi shi ne ma'aikacin lafiya a tasha da kasuwa wanda zai gaya masa haɗarin farfaɗiya da na haɗa ƙwayar da barasa, da asibitin da zai je ba tare da tsoron a miƙa shi ga 'yan sanda ba.

Masu adawa suna kafa hujja da jihar Oregon ta Amurka, wadda ta soke hukunci kan mallakar ƙwaya kaɗan a 2020, ta dawo da shi a 2024. A ganina abin da ya faru can shi ne an janye hukunci kafin wuraren jinya su kankama. Fotugal, wadda ta bi wannan hanya tun 2001, ta haɗa sassaucin da kwamitocin da ke tura mai shaye-shaye wurin magani, kuma har yau ba ta janye dokar ba.