Ruwan Tiga Da Tumatirin Kwanar Gafan

A shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga. Da ruwanta manoman Kadawa da Kura da Bunkure suke noman rani, ƙasar kuwa ba ta yi musu rowa ba. Mai shakka ya je kasuwar Kwanar Gafan, kan hanyar Zariya, lokacin da tumatir ya nuna, ya ga kwanduna jibge iyakar ganinsa.

Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Tumatir ba gero ba ne, balle a zuba a rumbu a jira ya yi daraja. Tun da manomi ba shi da wurin ajiya, tilas ya sayar yau a kan abin da dillali ya taya. Ragowar ya yayyanka ya shanya a ƙasa, ƙura da awaki su ɗebi rabonsu. Bayan 'yan watanni matan Kano su koma sayen na gwangwani. An buɗe babbar masana'antar tumatir a Kadawa a 2016, amma ta sha tsayawa.

A ganinmu, rabon taki da rance bai wadatar ba. Wajibi ne gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su ware kuɗi don hanyoyin shiga gonaki, da ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, da ƙananan injinan markaɗe a hannun ƙungiyoyin manoma. Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka kama aikin gwamnati, ta teburinku takardun kasafin nan suke bi. Kada su kwana a wurinku.