Sukuk: Dillali Ko Asusun Haɗaka, Wanne Ya Fi Wa Mai Ƙaramin Jari?

A da, manomin Kwatarkwashi idan ya sayar da amfanin gona, sai ya mayar da rarar kuɗinsa shanu. Yau satar shanu ta sa wannan taska ta zama abin fargaba daga Tsafe har Bungudu, kuɗin da aka ɓoye a ɗaka kuwa tsadar kaya na cinye su. Shi ya sa magidanta da masu riƙon dukiyar marayu ke tambaya game da takardun gwamnati.

Takardun bashin gwamnati na yau da kullum kuɗin ruwa suke biya, haramcin riba kuwa a fili yake cikin Suratul Baƙara. Mafita ita ce sukuk, wanda Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, DMO, ya fara fitarwa a Satumban 2017: naira biliyan 100, na shekara bakwai, bisa ƙa'idar ijara. Da kuɗin aka yi aikin hanyoyi 25, ciki har da ta Kano zuwa Maiduguri. Mai takarda yana karɓar haya sau biyu a shekara, kuma majalisar masana shari'a da ke ba Babban Bankin Najeriya shawara ta amince da tsarin. Da naira 10,000 ana iya shiga.

Hanyoyin shiga biyu ne, kowace da kuɗin da take ci. Ta farko, mutum ya saya da sunansa ta hannun dillalin hannun jari ko banki lokacin da gwamnati ta buɗe sayarwa. Idan ya riƙe har wa'adi, babu mai yankar masa kaso duk shekara, kuma uwar kuɗinsa za ta dawo cif. Matsala tana zuwa ne idan buƙata ta taso kafin lokaci. Dole ya sayar a kasuwa, ya biya la'adar dillali, ya kuma karɓi farashin da ya tarar. Sukuk na 2020 yana biyan kashi 11.2 cikin ɗari, na 2025 kuma kashi 19.75. Wa zai sayi tsohuwar takarda a kan cikakken farashinta alhali ga sabuwa mai gwaɓi?

Hanya ta biyu ita ce asusun haɗaka, irin waɗanda kamfanoni kamar Lotus Capital da Stanbic IBTC ke gudanarwa ƙarƙashin sa idon hukumar SEC. Nan fitar da kuɗi ya fi sauƙi, amma manaja yana cirar ladansa kowace shekara, an samu da yawa ko kaɗan. A misali, idan ladan kashi 1.5 ne a kan naira miliyan ɗaya, ya zama 15,000 a shekara, 105,000 a shekara bakwai. Saboda ana cire shi kafin rabo, da yawa ba sa ma lura.

A ganina, dukiyar da ba za a taɓa ba, kamar gadon maraya mai shekara goma, sayen kai tsaye ya fi dacewa da ita. Kuɗin da za a nema da faɗuwar damina domin taki da iri kuwa, asusun haɗaka ya fi masa, domin ladan manaja ya fi sauƙi a kan sayarwar dole.

Wakilci da lada halal ne, da sharaɗin a san ladan tun kafin a ƙulla. Saboda haka kada kunya ta hana ka tambaya: nawa za a cira a shekara? Akwai tara idan na fita da wuri? Su wane ne malaman da ke duba asusun? Shin kamfanin yana da rajista da SEC? Duk wanda ya ƙi ba ka amsa a rubuce, kada ka damƙa masa amanar iyalinka. Allah Ya azurta mu da halal.