Wanda Ya Biya Kuɗin Mujalla Na Shekara, Me Ya Saya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai sayar da jarida, ko a nan Samaru ko can Sabon Gari wajen kasuwa, ya san mutane iri biyu da kan taru a wurin. Akwai masu karatun tsaye, waɗanda za su karance jarida tun daga kanun labarai har shafin wasanni, su yi gardama a kanta har rana ta take, sa'an nan su ajiye wa mai ita abarsa su kama gabansu. Akwai kuma mai saye, wanda zai duba bango, in ya yi masa ya biya, in bai yi masa ba ya wuce. To, akwai mutum na uku wanda ba a ganinsa a wurin, yanzu kuwa har ya yi ƙaranci ƙwarai. Shi ne wanda kan ɗauki kuɗin shekara guda cur ya aika wa mutanen da bai taɓa gani ba, domin su riƙa aiko masa da mujallar da ba a ko rubuta ta ba tukuna. A kan wannan mutum muke son mu yi magana, domin a ganinmu wanda ya gane abin da yake nema ya gane dalilin da ya sa mujallu ke mutuwa a ƙasar nan tun ba su yi rarrafe ba.

Ba mujallun siyasa muke nufi ba. Waɗannan suna da masu ɗaukar nauyinsu, sukan kuma yi rai gwargwadon kwanan iyayen gidansu a kan mulki. Muna nufin mujallun abin da mutum ke yi don sha'awa in ya taso daga aiki ko daga aji, watau kiwon tantabaru da kaji, da noman lambu a bayan gida, da ɗinki da saƙa da girki, da ƙwallon ƙafa da dambe, da kallon fim.

Bai kamata a ce mutumin Zariya ne za a koya wa darajar abin karantawa mai zuwa a kai a kai ba. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, a nan kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Cikin shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna ƙananan jaridu nasu na kansu: Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, mu kuma tamu Bazazzaga. Waɗanda suka tsara wannan aiki sun fahimci cewa wanda ya koyi karatu jiya ba zai riƙe shi ba sai in yana samun abin da ya shafi garinsu da sana'arsa. Da hukumar ta rufe a 1959, sai jaridun suka bi ta.

Malamanmu da suka yi ɗalibta a Samaru cikin shekarun 1970 sukan ba mu labarin abin da ake karantawa a ɗakunan kwana a lokacin. Akwai Drum da Spear na Ikko, akwai African Film mai labarin Lance Spearman cikin hotuna, akwai Reader's Digest, masu son ƙwallon Ingila kuma suna da Shoot. Mai hali yakan je gidan waya ya sayi fas'oda, ya sa a ambulan ya manna kan sarki, sa'an nan ya zauna jiran abin da zai faɗo akwatinsa. Wannan harka ta karye ne daga 1986, sa'ad da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta zube, mujallar waje ta fi ƙarfin albashin malami balle guzurin ɗalibi. Na gida ma ba su tsira ba, domin takarda da tawada daga waje ake sayo yawancinsu, masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku kuwa ba ta yi dogon kwana ba, ta tsaya cik cikin shekarun 1990.

To, me waɗancan mutane suka saya da kuɗinsu? Abu na farko alkawari ne, kuma a nan ne mu kanmu muka taɓa ƙonewa. Mu shida ne a ɗakin kwana muka haɗa kuɗi muka biya wa wata mujallar noma da kiwo kuɗin shekara, bisa sharaɗin za ta riƙa zuwa duk wata. Fitowa ta farko ta zo a kan kari. Ta biyu ta makara da mako uku. Ta uku ta zo a haɗe da ta huɗu cikin bango guda, shafukan kuwa ba su ƙaru ba, rabinsu ma hotunan manyan mutane ne suna yanke ƙyalle. Daga nan shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Ba mu ce masu ita ɓarayi ne ba. Mai yiwuwa tsadar takarda ce ta kayar da su. Amma ko takarda mai layi biyu ta ban haƙuri ba su aiko ba. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne, cikin mu shidan nan babu wanda zai sake biyan kuɗin shekara ga kowa, kome kyan niyyarsa. Mujalla ɗaya ta saɓa alkawari, ta ɓata wa goma da ba a haifa ba tukuna. Kuɗin shekara kamar zubin adashi ne, uwar adashi kuwa ba a yi mata uzuri da cewa kasuwa ta yi tsada.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi, shi ne kuma ainihin maganarmu. A Turai, abin sha'awa daban, sana'a daban. Bature yakan shuka fure a bayan gida, in ya mutu ya yi tsaki ya sayo wani. A wurinmu kuwa tsakanin sha'awa da neman abinci tazarar ba ta kai taku guda ba. Yaron da ya fara da tantabaru biyu don sha'awa, shekara na zagayowa da kuɗin 'ya'yansu yake ɗinka kayan Salla. Matar malamin da ke kiwon kaji ashirin a bayan gida, da kuɗin ƙwai take biyan kuɗin Islamiyyar yara. Ɗalibar da ta koyi saƙa don ɗebe kewa, kafin ta gama digiri ta zama mai sayar da kayan jarirai. Saboda haka in mujalla ta ba irin waɗannan shawarar banza, ba nishaɗinsu kaɗai ta ɓata ba, jarinsu ta taɓa.

Ɗauki mujallar lambu ta Ingila, mai takarda sumul da hotuna kamar ka tsinko ka ci. Za ta gaya maka ka yi shuka a watan Afrilu bayan ƙanƙara ta wuce, ka kuma kare tsironka daga sanyin dare. Mu kuwa a watan Afrilu rana ce ke ƙona ƙasa a Samaru, muna ta duban gabas. Damina tamu takan kankama ne daga Mayu ta ɗauke a Oktoba, tumatir kuma ya fi yin kyau da rani, lokacin hunturu, a fadamun Galma da Kubanni. Wace mujallar London ce za ta gaya wa mai kaji cewa annoba ta fi yi musu dirar mikiya in iskar hunturu ta taso, don haka ya yi rigakafi tun kaka? A 1 ga wata ko a 30, ba ruwanta da kakarmu. A shekarar 2016, sa'ad da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, mai ƙaramin lambu ya fi bukatar shafi guda na Hausa mai bayyana masa yadda zai gane ta a jikin ganye, da abin da zai yi da wanda ba zai yi ba, fiye da mujallu goma masu ƙyalli. Mai karatu yana son ya ji cewa wanda ya rubuta abin nan ya taɓa sa hannunsa cikin irin ƙasar da shi ma yake tonawa, ya auna da mudu da gwangwani da murfin kwalba, ya kira magani da sunan da za a gane a shagon Sabon Gari, ya kuma faɗi abin da ya gwada ya ƙi.

Akwai kuma ajiya. Jarida ta kwana ɗaya ce, gobe ta zama ta ƙunshe ƙosai da tsire. Mujallar sha'awa kuwa ana sonta ne don a koma mata. Teloli na Sabon Gari sun daɗe da sanin wannan. Shekara da shekaru sun riƙa ajiye tsofaffin mujallu masu hotunan biki, irin su Ovation da ta fara fitowa a 1996, ba don labarin masu kuɗin Ikko ya dame su ba, sai don mai ɗinki ta buɗe ta nuna da yatsa ta ce irin wannan wuyan take so. Mujallar takan yi baƙi ƙirin da dauɗar hannu, bango ya fita a liƙe shi, amma ba a yar da ita.

Sa'an nan mutum yana son ya ga sunansa. Kada a raina wannan. Tun zamanin Imam wasiƙun masu karatu suna cikin abin da ya ɗaure mutane ga Gaskiya Ta Fi Kwabo, irin wannan ƙauna ce kuma ta sa mutane suka riƙa sayen katin zaɓe don a ambaci sunansu da na abokansu a Rediyon Kaduna. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a Kaduna a watan Maris na 1999, ta kama zukatan masu kallon finafinan Hausa ne domin ta yi musu magana da harshensu a kan mutanen da suka sani, ta kuma ba su fili su yaba, su kushe, su yi wa juna raddi. Wanda aka buga wasiƙarsa sau ɗaya ya zama ɗan gida, shi zai riƙa tallata ta a unguwarsu ba da an biya shi ba.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce zamani ya wuce nan, kome yana cikin wayar hannu kyauta. Gaskiya ne telan yau a waya ake nuna masa ɗinki, sakamakon wasan ƙwallo kuma ba mai jiran mako guda ya gan shi a takarda. A nan waya ta yi nasara, ba mu ja ba. Amma fa wanda kajinsa suka fara gyangyaɗi, in ya nemi shawara a waya zai sami amsa ashirin masu karo da juna, wani ya ce barkono, wani ya ce maganin mutane, ba kuwa wanda zai kama in suka mutu. Abin da ake biya a mujalla shi ne edita, mutum mai suna da adireshi, wanda ya tace, ya tambayi masana, zai kuma ji kunya in ya yi kuskure har ya gyara a fitowa ta gaba. Ko a takarda ta zo ko a waya, wannan bukata tana nan.

Za a kuma ce Bahaushe ba ya sayen abin karatu, kwafi ɗaya mutum goma ke ara. Wannan tsohuwar magana ce ta waɗanda ba su taɓa rubuta masa abin da yake so ba. Littattafan soyayya da suka cika kasuwannin Kano da Zariya cikin shekarun 1990, wa ya saye su? Matan aure da 'yan mata ne, da kuɗin adashinsu, wasu ma haya suke biya su karanta su mayar. Aro kuwa ba abokin gaba ba ne. Mai aro na bana shi ne mai saye na baɗi, in abin ya amfane shi.

Laifin da ya rage namu ne, mu mazauna Samaru. Muna zaune a gefen Cibiyar Binciken Aikin Gona, inda aka fitar da irin masara da dawa da wake da gyaɗa da ake shukawa a duk faɗin Arewa. Ga cibiyar yaɗa dabarun noma ta NAERLS, wadda aikinta ke nan kai ilmi ga manomi. Ga cibiyar binciken dabbobi a Shika, inda aka samar da kazar Shika Brown. Muna da tsangayar likitancin dabbobi, da masu koyon zane da ƙirar tufafi, da masu koyon aikin jarida, da masu nazarin Hausa. Tun 1962 Jami'ar nan take tara ilmi, amma mai tantabaru a Hayin Dogo, wanda katanga kawai ta raba mu da shi, yawanci ba shi da abin dogaro sai abin da ya ji a bakin abokinsa. Mu kuwa mun fi son mu rubuta dogayen maƙaloli da Turanci a kan matsalolin duniya, waɗanda mu kaɗai ke karanta wa junanmu.

Shawararmu ga Ƙungiyar Ɗalibai ƙarama ce, da gangan kuma muka ƙanƙanta ta. A fara da shafi takwas na Hausa, sau ɗaya a wata uku, a kan kiwo da lambu da ɗinki da girki, da fili na wasiƙu da amsoshinsu. Kowane bayani a kai wa malamin fannin ya duba ya sa hannu kafin a buga. A tsara fitowa bisa yanayin shekara, ta bazara ta yi maganar iri da shuka, ta kaka ta yi maganar ajiya da rigakafin kaji. A kai ta shagunan magungunan dabbobi da na teloli a Samaru da Sabon Gari, ba ɗakunan kwananmu kaɗai ba. Tun da shugabannin Ƙungiya sukan sauya, a damƙa asusunta ga kwamitin da ba ya tashi da tashinsu. Kada kuma a karɓi kuɗin shekara daga hannun kowa sai an yi fitowa huɗu a jere ba tare da makara ba, a kuma buga a bangon baya sunan wanda zai mayar wa mutane ragowar kuɗinsu in abin ya tsaya.